Muryar Baba A Kan Taswira

Ranar da Hamani ya fara shigowa lakwal, wato makarantar bokon ƙauyensu, can gefen Alela, Bushira na gaban allo tana zana gulbi da alli, yara suna ta hamma. Ya sauke kwali daga bayan babur, ya yi sallama, ya ce daga Konni aka turo shi ya kafa sola, ya kuma koya wa malamai aiki da tabulet.

Ta juyo za ta amsa, idonsu ya haɗu. Shi ne ya fara kawar da kai, ya dubi allon.

"Madam, wanga gulbi ne ko maciji?"

Yara suka fashe da dariya. Ita ma ta yi, ba da son ranta ba.

Darasin tarihi da labarin ƙasa shi ya fi ba ta wahala, amma tabulet ya sauya ajin. Hamani ya sa musu hoton ƙauyen da aka ɗauko daga sama. Yaro ya taɓa rijiya, sai tambaya ta fito: su wa ke sha a nan? Ya taɓa kasuwa, a tambaye shi daga ina gishiri ke zuwa. Bushira ke tsara tambayoyin, shi yana shigarwa. Yara suka koma rige-rigen zuwa lakwal, Hamani kuma ya yawaita zuwa ko babu abin gyara.

Wata rana saƙonsa ya shigo wayarta:

"Malamata, sola lafiya lau take, tabulet ma haka. Ni ne dai ba lafiya, kuma maganin yana hannunki."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta rubuta:

"Injiniyana, maganin yana wajen Baba. Ka biyo ta ƙofar gida."

Sai dai Mansur, ɗan kabu-kabun babur da ya daɗe yana sonta tana kaucewa, ya riga shi zuwa gidan. A hoton nan ana ganin burtalin da shanu ke bi zuwa tafki, ana kuma ganin inda ya tsuke, daidai gonar mahaifinta, Malam Tanimun. Mansur ya ce wa dattijon baƙon nan na Konni yana nuna wa yara cewa Malam Tanimun ne ya cinye burtali.

Malam Tanimun ya kira ta zaure.

"Bushira, ni za ki tozarta gaban ɗiyan mutane?"

"Baba, wallahi babu sunan kowa a kai."

"Wa bai san gonata ba? Kada in ga yaron nan a ƙofata."

Magana ta bazu. Ɗiyan manoma da na makiyaya suka yi dambe a filin lakwal, iyaye suka fara cewa za su janye yaransu. Darakta, shugaban lakwal, ya ce in rigimar ba ta kwanta ba, zai mayar da tabulet ɗin Konni.

Hamani ya turo mata:

"Hasken idona, zan iya goge wurin daga hoton. Komai sai ya wuce."

Ta amsa:

"Kada ka goge. In mun goge, ƙarya muka koya musu."

"Kenan hoto ya fi ni a wajenki?"

Ta kife wayar. Larabar da ya saba zuwa ta wuce babu ƙarar baburinsa. Abinci ya daina shigar mata.

Da safiyar Asabar ta bi mahaifinta gona da tabulet a cikin mayafi, ta durƙusa a bakin kunya.

"Baba, yara sun ga gona daga sama, ba su san wahalar mai ita ba. Ka gaya musu da bakinka, in naɗi muryarka a tabulet. Arɗo Iliyasu, shugaban makiyaya, shi ma na roƙe shi, ya yi magana kan shanunsa."

Ya ci gaba da noma kamar bai ji ba. Ta ƙi tashi, har rana ta fara cin bayanta. Can ya jingina hauyarsa, ya dubi tabulet ɗin.

"Ina ake magana a ciki?"

Ita kaɗai ba ta iya ɗora muryoyin a kan taswira ba. Ta rubuta wa Hamani: "Ina bukatarka. Ba don tabulet kaɗai ba." Kafin la'asar ya iso, ƙura har gira.

Ran Litinin iyaye suka cika bayan aji, manoma gefe guda, makiyaya gefe guda, babu mai kallon wani. Wata yarinya ta taɓa gonar. Muryar Malam Tanimun ta fito, yana ba da labarin shekarar da shanu suka cinye masa wake, gidansa ya wuni babu tuwo. Ta taɓa burtali. Arɗo ya faɗi yadda shanunsa ke jin ƙamshin ruwa ba su da hanyar isa gare shi.

Yarinyar ta ɗaga yatsanta daga tabulet. Bushira ta juya ta dubi mahaifinta.

Malam Tanimun ya miƙe. "Arɗo, taso mu tai wurin nan da mai gari, mu gani da idonmu."

Sun daɗe suna gardama a can, amma kafin azahar an kafa duwatsu, dattijon ya bar wa shanu 'yan kunyoyi.

Da ya dawo ya tarar da Hamani a bakin lakwal, yaron ya cire hula ya durƙusa.

"An ce kai ka so a goge wurin daga hoton."

"Ni ne, Baba. Tsoron rasa ta ya sa."

Dattijon ya dube shi sosai. "Ɗiyata tana da kafiya, ka dai gani. In za ka iya, turo magabatanka."

Bayan an kai gero rumbu aka ɗaura aure. Matan ruga suka zo da ƙoren nono, ɗaliban Bushira suka cika ƙofar gida da waƙa. Da za a tafi da amarya, Malam Tanimun ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Hamani ya amsa da amin, Bushira ta amsa daga cikin lulluɓi tana hawaye.