Garin da Kalilu Ya Bari

"Ba zan zo ba, Yaya Kalilu."

Hureira ta jingina wayar da gwangwanin madara, ta ci gaba da dama kunun Abbanta. A Cheras, unguwarsu a can gabas mai nisa, gari bai daɗe da wayewa ba, shi kuwa mijin nata magariba ce a wurinsa.

"Hureirata, ki dai ga gidan tukuna. Har da baranda..."

"Na gani."

Ziyarar bincike ce ta kai shi wata ƙaramar kwaleji a cikin duwatsun Appalachia na Amurka, da niyyar dawowa kafin azumi. Sai korona ta zo, aka rufe iyakoki, baƙunta ta koma zama.

Da farko mita yake yi mata. Babban titi ɗaya ne a garin, ramukan haƙar kwal duk an rufe su, Juma'a ma a saman shagon wani ɗan Pakistan suke yi, sahu ɗaya ba ya cika. Daga baya muryarsa ta sauya. Yakan juya wayar ya nuna mata barewa a bayan gidansa, da bishiyoyin da suka yi jajur har kan dutse, da tsofaffin da ke ɗaga masa hannu daga mota. Yanzu kwalejin ta ba shi aikin koyarwa.

Ita kuwa cutar ta shigo musu gida. Ta tafi da Ummanta, ta bar mahaifinta, Dokta Haliru, malamin jami'a a Bukit Jalil, da robar iska a hanci.

"Wa zan bar wa Abba?"

"Idan ya samu sauƙi..."

"Likita ya hana shi hawa jirgi. Ko banɗaki sai na riƙe shi."

"To ni fa?"

"Kai kana da duwatsunka."

Ta kashe wayar. Ba ta yi kuka ba, kunun ta juye a kofi.

Abba ya karɓa, ya daɗe yana kallonta. "Mijinki ne, Hureira. Ki je. 'Yan uwa ɗalibai za su riƙa leƙo ni."

"Sha da zafinsa, Abba."

Daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa ta da Kalilu. Ya daina nuna mata garin, ita ma ba ta tambaya.

Ana nan wata la'asar ya kira. "Na dawo, ina nan Titiwangsa kusa da ku. An killace ni a otal, hawa na bakwai."

Ta sayi shinkafa a shagon abinci na mamak aka ƙunshe mata, ta miƙa wa mai gadin otal ɗin, ta tsallaka titi da takunkumi a fuska. Can sama wani ya manna tafin hannu a gilashi. Kalilu ne, ya rame.

"Aikin fa?" ta tambaya ta waya.

"Na ajiye."

"Ba ka son garin ne?"

"Ina sonsa, masoyiya. Ban taɓa zama inda hankalina ya kwanta kamar can ba. Har na mutu zan riƙa tunawa da shi."

"To me ya dawo da kai?"

"Na san nauyin Abba. Ke kaɗai ba za ki iya ɗaga shi ba."

Takunkuminta ya jiƙe sharkaf da hawaye. Ta ɗaga hannu sama, ta bar shi a nan har motar da ta kira ta gaji da jira ta tafi.