Muryar Haula a Cikin Diski

Kowace Juma'a, in rana ta yi ja, Yazidu mai ɗaukar hoton biki a Dakoro yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jona ɗan baƙin diskinsa da ordinatar, wato kwamfuta. A cikin diskin nan matarsa Haula take, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce: tana daka, tana dariya, tana yi wa jaririyarta waƙa. Jaririyar ita ce Raudatu, yanzu shekararta goma, kuma iyakar abin da ta sani na fuskar uwarta ke nan. Yazidu bai taɓa kwafe bidiyon nan a wani wuri ba. Kullum sai gobe.

Ran nan ya jona, diskin ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru. Ya canza waya, ya canza rami, ya hura masa iska kamar mai hura garwashi, har ya aro ordinatar ɗin maƙwabci. Duk inda ya sa, tambaya ɗaya ke fitowa da Faransanci: ba a gane wannan diski ba, a goge shi duka? Ya danna a'a.

Dutsen farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki ana kiran magariba. Na biyu ya fasa randa. Ya leƙa lungu, ba kowa, ko akuya babu. Da ya dawo sai ya tarar da Raudatu zaune, ta ba gabas baya, tana wani kuka siriri mai tsawo wanda ba na yaro ba. Ya san kukan nan. Rabin garin ma sun san shi.

Bara ne, a wata tsohuwar rijiya can wajen Tagris, inda ya je ɗaukar hoton makiyaya suna shayarwa. Da almuru wani tsoho ya ce masa ya kashe na'urarsa su tafi, masu wurin suna makoki. Shi kuwa gogan naka a ganinsa ya waye. Ya tsaya ya naɗi kukan da ke tasowa daga ƙasa, ya tura wa abokai. Kafin sati samari sun mai da shi ƙarar wayar salula, in ta yi a majalisa a fashe da dariya. Asalin kuma ya ajiye shi a diskin, gefen Haula.

Kwana bakwai, kowace magariba jifa da kuka. Raudatu ba ci ba sha, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ran Juma'a bayan la'asar aka ɗauko Malam Abarci, dattijo mai sanyin murya. Ya zauna gabanta ya yi ta karatu, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida.

"Wa ke nan?" in ji Malam. "Mi kike so ga ɗiyar mutane?"

Bakin yarinyar ya buɗe, murya mai kauri ta fito. "Uwa ce ni. Ɗana nike ma kuka ran da anka bizne shi. Wanga ya ɗauki kukana ya raba ma yara suna dariya."

"Ya yi laihi. Ki buɗe mashi abin, shi hidda naki shi goge, ki tahi."

"Nawa ya watsu, Malam, ba ya tattaruwa. Nashi nike so."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Raudatu ya lanƙwashe baya kamar zai karye.

"Ƙona ni," ta ce, "amma tare da yarinyar."

Malam ya yi mata tayin rago. Ya ce Yazidu zai taka har rijiyar ya roƙi gafara. Ta ƙi. Abin da ya samu bayan dogon ja-in-ja shi ne rantsuwa da Allah cewa in an goge diskin duka, ta tafi ba dawowa, ba ita ba danginta. Ya juyo ya dubi Yazidu da tausayi.

"Ɗana, iyakar abin da na iya ke nan."

Yazidu ya jona diskin. Tambayar ta fito kamar dama jiransa take. Ya yi kuka, kukan babban mutum mai ban tausayi, kuma ba wanda ya naɗa. Ya dubi wuyan 'yarsa, ya danna e.

Wani koren layi ya ja jiki a hankali har ƙarshe. Raudatu ta yi atishawa uku ta zube. Jifa ya tsaya. Diskin kuwa ya buɗe lafiya lau, fayau, ba komai a ciki.

Can ta farka ta sha ruwa. Ba ta san sati ya wuce ba. Ta ga tabarma, ta ga hasken ordinatar, ta matso ta jingina da kafaɗar ubanta kamar yadda ta saba.

"Baba, ya gyaru? To sa mani Inna."