Bangon Ɗakin Baba

"Wa ya aike ka? Na ce wa ya aike ka, Fakhruddeen?!"

Ko sallama ban bari ya ƙarasa ba. Yana tsaye a zaurenmu na unguwar Kurmin Sarki a Suleja, saukowarsa ke nan daga motar Abuja, har da murmushinsa irin na mai jiran godiya.

"Mardiyya... fentin ne bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau mana! Ya yi kyau har ya gama da ni!"

Ranar Asabar manyansa za su zo daga Kano sa ranar aurenmu. Shi kuma sarkin gwaninta, sai ya turo Eugene mai fenti ya gyara mana gida, ina can makarantar da nake koyarwa. Eugene bai bar ko kusurwa ba, har ɗakin marigayi Baba.

A bangon ɗakin nan nake karatu. Ni haka Allah Ya yi ni, lissafi ba ya shiga kaina a zaune, sai ina tsaye da alli a hannu, ina kai-kawo ina surutu ni kaɗai. Tun da na gama bautar ƙasa na ƙwallafa rai a kan digiri na biyu a lissafi a Zariya. Yajin aikin malaman jami'a ya ja ni a ƙasa, yanzu an buɗe, sashen lissafin kuma ya ce sai ya yi wa masu nema jarrabawa kafin ya ɗauka. Duk abin da na warware tun farkon damina yana jikin bangon, daga iya tsayin hannuna har ƙasa. Na dawo na tarar da shi shuɗi fes, sai warin fenti.

"Wallahi ban sani ba," ya ce, murmushin ya ɓace. "Zaure da tsakar gida na ce masa. Ban ce ya shiga ɗaki ba."

"Ni na ce ya shiga."

Inna Azumi ce, mahaifiyata, tsaye a bakin labule.

"Inna... ke?"

"Ni fa. A ɗakin nan matan da za su zo za su zauna. So kike su ɗaga kai su ga waɗannan ƙugiyoyi da zane-zane, su koma Kano su ce rubutun tsubbu muka yi muka kama musu ɗa? Ko maƙwabta sun taɓa tambayata wane malami ne ya zana mana hatimi a bango!"

Da a wata rana ce, da na yi dariya har da riƙe ciki. Amma maganar Inna ta tono min wani abu da na daɗe ina dannewa. Na juya wajensa.

"Fakhruddeen, ka gaya wa Baffanka zancen Zariya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake!"

"Kin san halin Baffa... Na ce bari a sa rana tukuna, sai a bi shi a hankali."

"A hankali! Ke nan kai da Inna duk ɗaya kuke. Yau bango aka shafe don kar mutane su gani. Gobe in na shiga gidanka, karatun za a shafe."

"Haba masoyiyata..."

"Ajiye wannan sunan tukuna. Ka gaya masa kafin Asabar. In ba za ka iya ba, ka ce musu su yi zamansu a Kano."

Inna ta saki salati. "Mardiyya! Kanki ɗaya kuwa?"

Fakhruddeen ya juya. Ya sa takalminsa ya fita, ni kuwa tun kafin ya sha kwana na fara jin kamar in bi shi da gudu.

Don ina son sa, ban taɓa ɓoye wa kaina ba. Mutumin da zai kwaso gajiyar ofis da cunkoson motocin hanyar Madalla, ya zo ya zauna yana sauraron bayanin lissafin da ko kalma ɗaya ba ya ganewa, yana gyaɗa kai kamar wani farfesa. Irinsa ba a tsintarsa a hanya. Amma na san kaina, in na haƙura da Zariya saboda shi, wata rana shi zan tsana.

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. In zauna, in tashi, in ɗauki takarda in yi layi biyu in yage. A aji na raba lamba da sifiri, sai da ɗalibai suka yi min ihu. Fakhruddeen bai zo ba, bai aiko ba. Inna kuma ta ɗauke min wuta, sai dai in juya in kama ta tana kallona.

Ranar Asabar sai ga su. Ke nan bai hana su ba... to ya faɗa ne, ko shiru ya yi?

Mata suka shige ɗakin Baba suna yaba kyan fenti. Maza suka zauna a zaure da Kawu Almu, ƙanin Baba, wanda shi ne waliyyina. Ni ina madafi ina juya miyar da ta daɗe da nuna.

Can na ji muryar Baffansa ta tashi.

"Yaron nan ya taho har Kano ya durƙusa min a kan maganar. Amma Malam Almu, mata tana Zariya miji yana Suleja? A ina aka taɓa haka? Digiri ɗaya bai isa ba?"

Ludayin ya suɓuce daga hannuna. Ashe Fakhruddeen ya gaya masa! Farin ciki ya kama ni, tsoro ya biyo baya, don Kawu Almu mutum ne mai gudun rigima, na ji har ya fara "To ai, Alhaji, in dai don wannan ne, sai a yi mata magana..."

Sai na ga Inna ta ajiye farantin da ke hannunta. Ta gyara mayafi, ta nufi labulen zaure. Mace ba ta sa baki a wannan zama, ita ta fi kowa sani.

"Almu," ta kira, yadda kowa zai ji. "Ku yi haƙuri da ni. Ni na sa aka shafe wa yarinyar nan karatunta don tsoron bakin mutane. Tun ranar take yawo a gidan nan kamar kazar da ta rasa wurin yin ƙwai, ko abinci ba ta ci. Ba zan ƙara ba. In da karatunta za su karɓe ta, bismillah. In babu, ga goronsu nan ba a taɓa ba."

Gidan ya yi tsit. Har matan ɗaki suka daina tauna.

Na runtse ido. Shi ke nan, na ce a raina, na rasa shi.

An daɗe ana ƙus-ƙus kafin na ji an shafa fatiha. Kawu Almu ya shigo yana share gumi da hularsa.

"Ɗaurin aure bayan babbar salla. Tarewa kuma sai ta gama. Azumi, kin kusa tsayar min da zuciya!"

Na faɗa jikin Inna ina kuka. Ta dungure min kai, ita ma hawayen take. "Tashi min a jiki, ja'ira. Ke kika sa na yi abin kunya da tsufana."

Bayan la'asar Fakhruddeen ya zo. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Baffa ya ce ni ba namiji ba ne," ya ce yana ɗan murmushi. "Ko sallama bai yi min ba ya hau mota."

"Ka yafe min, Fakhruddeen... na yi maka tsawa a gaban Inna."

"Gaskiya kika faɗa, tsoro nake ji. Amma Mardiyya, don Allah ki ci jarrabawar nan. In kika faɗi bayan duk wannan rigimar, ni da Inna ba mu da inda za mu sa kanmu a Kano da Suleja!"

Dariya ta ƙwace min cikin kuka.

"Zan ci, masoyina," na ce. "Wallahi zan ci."