Kwano Na Uku a Gidan Pu

Damina ta yi tsakiya ranar da aka bugo wa Sufeto Duan waya. An tsamo gawar tsoho Pu da hantsi daga rafin bayan ƙauyensu, cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba.

Likita ya riga shi isa wurin.

"Ruwa ne ya kashe shi, Yallaɓai, amma laimar kwaɗi ce ta kai shi. Irin mai komawa shuɗiya in an taɓa ta. Kuma ba ta dahu ba."

"Guba ke nan?"

"Ba mai tsinka hanji ba. Wannan ido da kunne take juyawa. Mutum yana farke ya ga abin da babu, ya ji muryar da ba a yi ba."

Duan ya sani. Babu ɗan lardin Yunnan na ƙasar Sin da bai san yadda ake dafa ta ba: mai da yawa, tafarnuwa da yawa, wuta mai ƙarfi, a daɗe ana juyawa. Gidan da ya shekara hamsin yana cin ta ba ya kuskure da ita.

Ya tarar da matar mamacin, Guilan, zaune a bakin ƙofa.

"Inna, sannu da haƙuri. Ina ya ci abinci?"

"A waje. Ni yau ban hura wuta ba."

Ya shiga madafa. Toka da ɗuminta. Kasko kusan babu mai. Tafarnuwa a rataye, ba a ɓalli ko ɗaya ba. A kan tebur kwano uku: biyu an cinye, na uku ƙarami, cike yake. Mutum biyu ne a gidan. A bayan ƙofa akwai kwando mai jar igiya.

Duan ɗan ƙauyen ne, ya gane kwandon: na maƙwabcinsu ne, Zi, mai tsintar laimar kwaɗi a kan dutse. Ya je ya same shi.

"Ni? Ban kai musu komai ba," in ji Zi.

"To kwandonka da ƙafa ya je madafarsu, Kawu?"

"Kai Duan, tun kana yawo ba wando bakinka ke da kaifi." Ya sunkuyar da kai. "Sau ɗaya a shekara Guilan take karɓa. Kullum rana irin ta yau."

"Me ya faru a rana irin ta yau?"

"Kana makaranta a birni lokacin. Rafin nan ya ci 'yarsu, Xiaoyun. Shekararta shida."

Duan ya koma gidan Pu, ya ɗauko ƙaramin kwanon, ya ajiye a gaban Guilan.

"Hannun Kawu Pu ya shanye tun bara waccan. Ba shi ya yi girkin nan ba."

Ta daɗe tana kallon kwanon.

"Shekara talatin da ɗaya muna yi," ta ce. "In sauke kasko kafin laimar ta nuna, in zuba mata nata, mu ci namu, mu zauna. Takan shigo ta ƙofar baya, gashinta a jiƙe. Ba mu da hotonta ko ɗaya, ɗan nan. Shekarun nan fuskarta ta fara dushewa. Bara inuwa kawai muka gani."

"Shi ne yau kika rage wuta, don ki gan ta sosai."

"Nuna mata wuta kawai na yi."

"Ya san kin rage?"

"Bai sani ba. Ya ce mu haƙura da inuwar. Ni na kasa."

"Kin ga fitarsa?"

"Na gani. Ya ce tana kiransa daga rafi. Hannu kawai zan miƙa in riƙe rigarsa. Ban miƙa ba. Ina tsoron in ɗauke ido daga ƙofa ta shigo ban gan ta ba."

Duan ya rufe littafinsa.

"Inna, dole ki biyo ni ofis. Rai ya salwanta ta hannunki."

Bai fito da ankwa ba. Ta rufe gidan da kanta, ta ba Zi makulli, ta ce ya riƙa ba kaji ruwa.

Suna gangarawa wurin mota, Duan ya rage tafiya. Shekara biyu ke nan da binne matarsa, kuma har ya fara laluben muryarta a ransa yana rasawa. Tambayar da ya yi a nan ba ta shiga rahoto ba.

"Inna, yau kin gan ta?"

"Bayanta kawai," in ji Guilan. "Ba ta juyo ba."

Ya buɗe mata ƙofar mota.