Kofin da Aka Sauke Daga Ƙusa

Ranar da ya fara shigowa, hutu ya ƙare, tasha ta cika da masu komawa bakin aiki. Shagon abincin Inna yana dab da ƙofar tashar, da 'yan bencunansa da tebur mai koɗaɗɗiyar leda, da wata taga tsakanin kicin da wurin zama. A bayan tagar nan Auta, 'yar Inna ta ƙarshe, take soya ƙwai tun tasowarta.

Ya ajiye jaka, ya nemi shayi da burodi da ƙwai. Ta ɗago, ya kalle ta, sai hannunta ya manta aikinsa. Ta kai masa shayi ba sukari. Ya kurɓa, ya ɗan runtse ido. Inna ta tambaye shi ko sukarin ya ji. Ya dubi Auta da ta daskare da cokali a hannu, ya ce, "Ai ni ba na sha da sukari, Inna."

Inna da abin da mutum yake ci take kiransa. Daga ranar ya zama Ba-Sukari.

A kamfanin gilashi yake aiki, can nesa, sai hutu yake zuwa ganin mahaifiyarsa. Da zai tashi ya nemi lambar wayar Auta, wai don ya riƙa yin oda. Mutumin da ke tafiyar wuni guda daga shagon. Da daddare saƙo ya shigo:

"Mai shayina, na iso lafiya. Ƙarya na yi wa Inna, ni da sukari ba ma rabuwa. Amma ɗacin yana bakina har yanzu, kuma ba na so ya fita."

Ta mayar masa: "Kai ka jawo wa kanka. Suna ya zauna, haka za ka sha shi har ka tsufa."

A shagon Inna akwai tsari. Duk wanda ya zama na kullum ana buga masa ƙusa a bango, a rataya kofinsa. Ba a sauke kofin mutum sai in ya mutu, ko in Inna ta kore shi. Kofunan 'yan gida kuwa suna ciki, a kan kanta a kicin. Da hutu ya sake zagayowa, Inna da hannunta ta buga wa Ba-Sukari ƙusa, ta rataya masa kofi shuɗi mai ɗan tsagu a hannu.

Dogo direba ya gani, ya ji haushi. Ya daɗe yana neman Auta tana kauce masa, kuma a motarsa mahaifiyar Ba-Sukari take zuwa saro kaya. Ya cika mata kunne: wai yarinyar da ɗanta yake bi, kowane namiji a tasha yana da kofi a wurinta. Mutumin da ya ci daga hannun yarinyar nan shekara da shekaru, da bakin da ya ci da shi ya ɓata ta.

Matar ta zo da safe, lokacin da benci ya cika. Ba ta shiga ba. Daga bakin ƙofa ta nuna bango, ta ce ɗanta ba zai auri 'yar da ake rataya wa maza a bango ba, ita ko ruwan shagon nan ba za ta sha ba.

Auta tana riƙe da kasko. Ƙwai yana ƙonewa, ta kasa juya shi, ta kasa ajiyewa. Cikin duk mazan da ke zaune suna tauna, ba wanda ya buɗe baki. Suka sunkuya a kan farantansu kamar an aiko su ƙirga burodi.

Inna tana kasuwa a lokacin. Da ta dawo ta ji, sai ta karɓe wayar Auta ta kulle a akwati, ta ce ba kira ba saƙo, sai matar nan ta dawo ta tsaya inda ta tsaya ta janye maganarta. Auta ta yi kuka, ta roƙa, Inna ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san abin da aka zubar a bainar jama'a a nan ake kwashe shi.

Haka watanni suka shuɗe. Auta ba ta da hanyar zuwa ga Ba-Sukari, ba ta da ikon saɓa wa Inna, ba ta da bakin wanke kanta. Dogo kuwa ya samu abin wasa. In Inna ta juya baya sai ya sauko da kofin shuɗin ya sha shayi a ciki, yana kallonta ta taga yana lashe baki. Wata safiya ta kasa jurewa. Ta wanke kofin har hannunta ya yi ja, ta kai shi kicin, ta tura shi tsakanin nata da na Inna. Kare shi kawai take son yi. Ko kaɗan ba ta tuna abin da ƙusa ba kofi take nufi ga mai shigowa ba.

Hutu ya zo, ya ƙare. A safiyar komawarsa Ba-Sukari ya shigo da jaka a kafaɗa, ya rame. Ya yi sallama, idonsa ya tafi bango. Ya daɗe yana kallon ƙusar. Auta ta buɗe baki daga bayan taga, Inna ta juyo ta harare ta, maganar ta koma ciki. Ya gyara jakarsa, ya ce a gafarce shi, ya fita bai zauna ba.

Ta tsuguna a gindin murhu ta rufe fuska da mayafi. Inna ta tsaya a kanta. Can ta tafi ta buɗe akwati, ta kunna wayar, ta miƙa mata, ta ce ta karanta mata da ƙarfi, kada ta tsallake ko kalma. Saƙonni ne jibge, na ƙarshe yanzu ya shigo:

"Mai shayina, na ga ƙusar, na gane. Ban ga laifin Inna ba. Na yi ta roƙon Umma har murya ta ƙare, ta ƙi. Ki yafe mini da na kasa kare ki."

Inna ta leƙa waje, ta ga ƙusar da ba ta lura da ita ba. Ta dubi kantar kicin, ta ga kofin shuɗi cikin na gida.

"Ke kika sa shi nan?"

Auta ta gyaɗa kai.

"To rubuta masa. Ki ce in ji ni: kofinsa yana ciki, ba a waje ba. Amma ba zai sha a cikinsa ba sai ya zo da uwarsa."

Saƙon ya iske Ba-Sukari ya riga ya zauna a mota. Ya sauko, ya koma gida, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ya ce ba zai yi aure ba sai da yardarta, amma ba zai shiga mota ba sai ta je, ko da aikin zai tafi. Ta yi faɗa, ta yi kuka. Da ta ga rana tana ɗagawa yana nan durƙushe, ta ja mayafi.

Da suka iso shagon, ta so ta shige kicin a yi magana a ɓoye. Inna ta tare hanya.

"A'a, baiwar Allah. Can bakin ƙofa kika tsaya. Ga mutanen nan, su ne dai na rannan."

Matar ta koma bakin ƙofa. Murya can ƙasa, ta ce abin da ta faɗa a kan yarinyar nan ji ta yi daga bakin Dogo, ba gani ba, kuma ta janye. Bai kai nauyin abin da ta zubar ba, amma Inna ta karɓa. Ta nuna mata benci, Auta ta kawo mata shayi, ta sha. Inna ta miƙa hannu ta sauke kofin Dogo ta ɗora masa a tafin hannu.

Auta ta fito da kofin shuɗi ta ajiye gaban Ba-Sukari. Ya kurɓa, ya ɗago da sauri. Ta sa sukari.

"Kada Inna ta ji," in ji ta a hankali.

"Na ji," in ji Inna daga kicin. "Tun ranar farko na sani. Suna dai ba zai canja ba."

Aka ɗaura aure a hutu na gaba. Kofin ango ya zauna a kan kantar kicin cikin na gida. Tsohuwar ƙusarsa kuwa Inna ta rataya wa surukarta kofi a kai, a waje, kusa da ƙofa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma tsare 'ya'yan mutane daga bakin wanda ya ci ya ƙoshi.