Jinin Da Ya Ƙi Tsayawa

Sufeto bai gama ajiye hularsa ba wata mace ta faɗo ofishin tana haki. Malamar tsirrai ce, mai kula da kogin da ake zuwa shaƙatawa.

"Yallaɓai, an tuge jan badon! Duka!"

"Bado? Furen ruwa?"

"Irinsa babu a ko'ina cikin kogin nan sai wannan lungun. In ba a mayar da saiwar cikin ruwa kafin rana ta take ba, ya ƙare har abada."

Sufeto ya mayar da hular kansa. "Saje, tada mota!"

An kewaye lungun da igiya da jarkoki masu yawo a kan ruwa. Ga allo: an hana iyo, an hana jirgi, an hana kamun kifi. Igiyar tana nan. Furen ne babu, sai ruwa da ya gurɓace da laka.

Sufeto ya naɗe wando ya shiga har gwiwa. Ya duba inda igiyar ta haɗu da turke. Ba a yanke ta ba. Kwancewa aka yi, aka sake ɗaurewa tsaf.

Da ya fito Saje ya yi tsalle baya. "Yallaɓai, ƙafarka!"

Matsattsaku ne suka manne masa a ƙwauri, baƙaƙe, sun fara ƙoshi. Malama ta ɓamɓare su da farce.

"Nan kaɗai suke, saboda ruwan a kwance yake," in ji ta. "Jinin zai wuni yana tsattsafowa."

"Yau an samu mai cin hanci a jikin ɗan sanda," in ji Saje.

Sufeto ya harare shi.

Suka iske wani tsohon masunci a gindin gada yana gyaran koma.

"Baba, ina kake da sassafe?"

"A ɗakina, ranka ya daɗe. Ciwon baya."

Sufeto ya sunkuya ya zaro jan ganyen fure daga cikin komar. Ya ɗaga shi.

"Wannan ma a ɗakinka ya tsiro?"

Tsohon ya ajiye komar. "To, na ɗan jefa koma kusa da igiyar. Amma wallahi ban ƙetare ba! Akwai hazo, ban ga fuska ba. Na dai ji filafili yana bugun jikin jirgi, kwam-kwam."

"Jirgin wa?"

"Namu na katako ne, ɗana. Waccan ƙarar ƙarfe ce."

Malama ta kalli sama. Inuwar gadar ta fara tsukewa. "Yallaɓai, rana!"

Jiragen ƙarfe a kogin na mutum ɗaya ne, mai ba baƙi haya, wanda ake kira Kaftin. Suka same shi a rumfarsa yana rataya tutocin tseren jirage da ya shirya yi a ƙarshen mako. Ma'aikatansa kowa da gajeren wando da silifa. Shi kuwa dogon wando, takalmi sau-ciki, farar safa.

"Babban yaya!" Kaftin ya washe baki. "A zaga da kai kogi? Kyauta ne."

"Yaushe rabonka da shiga ruwa?"

"Ni? Zazzaɓi nake tun jiya. Ko wanka ban yi ba."

"Ka san lungun bado?"

"Ciyawar Malama? Nesa muke bi. Kullum sai mun rage gudu mun yi kwana saboda ita."

Sufeto ya dubi igiyar da ta riƙe jirgin farko a turke. Ɗaurin iri ɗaya ne da na igiyar lungun. Ya dubi ƙasa. Wani jan ɗigo yana faɗaɗa a kan farar safar.

"Naɗe wandonka."

"Haba yaya, a gaban mace?"

"Naɗe!"

Saje ya cafke shi ya ja ƙafar wandon sama. Cizo ne birjik har cinya, jini na tsattsafowa. Sufeto ya ɗaga nasa wandon, ya jera ƙafarsa da ta Kaftin.

"Zazzaɓinmu ɗaya ke nan."

Kaftin ya zauna daɓas a kan jarka. "Tseren ne, yallaɓai. Igiyar ta tare hanya. Na ce in babu ciyawar, ai babu dalilin igiya."

"Ina ka kai su?" Malama ta daka masa tsawa.

Ya nuna wani tsohon jirgi da aka kife a bayan rumfa. "In na zuba a kogi za su taso a gada. Jira nake su bushe in ƙona."

Suka ruga da gudu. Saje da ma'aikatan suka kama gefe, suka yi kukan kura suka birkice shi. Ga tulin bado, ganye ya yi yaushi. Malama ta durƙusa. Ta danna farce a jikin wata saiwa. Ruwa ya fito.

"Da rai! Da ransu! A kawo baho!"

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya riƙe hannunsa.

"Tukuna. Shi ya ɗauko su, shi zai mayar."

Kaftin ya yi ta jigilar baho a ka har lungun, ruwan laka na zubo masa a wuya, baƙinsa na kallo. Sai da saiwar ƙarshe ta nutse a laka sannan ankwar ta ce ƙaras. Saje ya tasa ƙeyarsa zuwa mota.