Rabo Mai Sauka

A bakin rijiyar Kurfi Rabo ya fara ganin Turai, ya zo shayar da Akawal, baƙin dokin ubanta, Malam Hudu mai hatsi. Sabon ɗan kiwo ne a gidan. Ta ja guga ta ba dokin.

"Doki kaɗai kike tausayi, ɗiyar Malam?"

"Shi ai ba ya surutu," ta ce, tana ɓoye dariya.

Shi ke nan fa, zance ya ƙullu. Yana ce mata Sanyin Ido, ita kuwa Bardena.

Shekarar samun mulkin kai, bayan kaka, aka shirya doguwar sukuwa daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma. Malam Hudu ya ce ma Rabo, "Kai mani Akawal har ƙarshe. Ko na baya ka zo, Turai taka ce." Don a lokacin, dokin da ya tsaya a hanya ya zama abin gori, ba mai sake kawo mashi goɗiya.

A rabin hanya Rabo yana gaba, sai ya ji ƙafar dokin ta fara ɗingishi. Ya shafa, agarar ta kumbura, zafi rau. Bulala za ta kai shi, amma ƙafar ba za ta sake moruwa ba. Wayyo, Rabo ya sauka yana hawaye, ya jawo linzami suka juyo a ƙasa.

Kafin ya iso gari makaɗa sun raɗa mashi Mai Sauka. Malam Hudu ya kore shi, ya fara sauraron Jibo da ya zo na ɗaya, wanda shi ma ke neman Turai.

Turai ta daina cin abinci. Ta aiki kakarta Inno: "Ki ce ma Bardena, garin nan kaf su zage shi, ni ban zage shi ba."

Korarre dai, kullum da safe sai Rabo ya zo turke ya gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Ran nan Malam Hudu ya tarar da shi, ya ɗaga sanda.

"Taɓa ƙafar tukuna, Hudu," in ji Inno.

Ya durƙusa ya taɓa. Ya ji kumburin da zafin.

"Tun yana ɗan dukushi nake ba shi gero da hannuna," ya ce. "Amma don gudun bakin mutane na so ya ƙarasa tseren a haka. Tashi, ɗana, turo manyanka."

Gorin bai mutu ba, Akawal kuma bai ƙara sukuwa ba. Shi ya ɗauko amarya, yana takawa sannu, wasu a gefen hanya na ta ihun, "Ga dokin Mai Sauka!"

Turai ta sunkuyo cikin lulluɓi, hawaye na zuba, ta ce ma matar da ke jan linzami, "Kar ki gaggauta shi. Duk sanda ya isa, mijina na jira."

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya albarkaci zuri'a.